Wahabu Abanteji da Rijiyar Kakansa

Shekara da shekaru ina riƙe wa Wahabu tuta a bakin fili. Shi ne alƙalin wasa, ni mai tuta. Aikina in ga laifi in ɗaga hannu, aikinsa ya busa usur. Ni dai ban taɓa fasa nawa ba, kafaɗata ta dama shaida ce, har yau in hadari ya haɗo sai ta yi mini tsami.

A Salaga in ka ce Wahabu mai faci, za a tambaye ka wanne. In ka ce Wahabu Abanteji kuwa, kowa zai nuna maka gidan, wasu ma su raka ka don su ji abin da ya kawo ka. Gajere ne, mai gwame, yana da rumfa a bakin tashar mota inda yake facin tayar babur da ta motokin, keken nan mai ƙafa uku da ke jigilar doya. Ranar Asabar sai ya wanke baƙin mai daga hannunsa, ya sa baƙar riga da gajeren wando, ya rataya usur a wuya, ya zama hukuma.

Kalmar da ta zame masa suna ta Turanci ce. Masu ita suna murɗa harshe kafin su faɗe ta, mu ba mu da wannan lokacin, abanteji muke cewa. Duk abin da ya sa ka gaban wani, shi ne. Mai tuwon da ke bakin tasha tana da abanteji a kan ta can ƙurya. Wanda kawunsa direba ne yana da abanteji ranar kasuwa. A ƙwallo kuwa, idan aka yi maka ƙeta amma ba a raba ka da ƙwallo ba, kana kuma fuskantar raga, alƙali ba ya tsayar da wasa, don busa usur a lokacin kai zai cuta. Sai ya miƙa hannuwa biyu gaba, a ci gaba da wasa.

A Yendi abin ya same shi. Wasan ƙarshe ne tsakanin samarin Yendi da na Karaga, aka ɗauko mu daga Salaga don ba mu da dangi a kowane ɓangare. Ana dab da tashi, wani ɗan bayan Yendi ya share ƙafar ɗan gaban Karaga, sharar da ko makaho ya ji ƙararta. Na ɗaga tuta har rigata ta yage a hammata. Fili ya ɗauki ihu. Wahabu ko kallona bai yi ba, ya watsa hannuwa gaba ya kwarma, "Abanteji!" Yaron ya yi tangaɗi, ya dafa ƙasa, ya miƙe, ya zura ƙwallo a raga. Mutanen Karaga suka ɗauki Wahabu a kafaɗa suka zagaya fili da shi. Ni kuwa na tsaya da yagaggiyar riga, ba wanda ya ce mini ko sannu.

Daga Yendi har Salaga, a cikin mota, bai bar ni na runtsa ba.

"Mutala, rafari na banza shi ke saurin busa," in ji shi. "An cuce ka, to, amma bol na ƙafarka. Me za ka tsaya yi? Ka ci gaba, ka ga abin da zai fito."

"In bai fito ba fa?"

"Sai ka dawo da wasa baya. Amma numfashi biyu uku ne kawai. In ya wuce, ya wuce, ba ka da bakin magana."

Wannan karatu ya koya wa duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a garinmu. Da ya bar shi a fili, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma Wahabu ya ɗauko shi ya kawo gida. Akuyar maƙwabta ta cinye masa masarar bayan ɗaki, matarsa Asana ta ɗaura ɗamara za ta fita, ya tare ƙofa ya nuna mata kashin da akuyar ta bari, wai taki ne, abanteji. Ƙanin Asana ya ari babur ɗinsa ya dawo da shi da lotsattsen tanki, Wahabu ya leƙa ya ga an cika mai, ya ce abanteji. Tun mutane na dariya har suka ɗauka. Mace ta taka 'yar'uwarta a kasuwa, maimakon ta ce yi haƙuri sai ta miƙa hannuwa gaba, su duka su fashe da dariya.

To, bayan gidansu akwai rijiya. Salaga garin rijiyoyi ne tun zamanin fatake, yawancinsu sun rufta ko sun ƙafe, amma wannan ba ta taɓa ƙafewa ba ko a tsakiyar rani. Kakan Wahabu, Ɗanlarai, shi ya haƙa ta. Da jakuna ya zo nan ƙasar Gwanja sayen goro, ya ga mata, ya manta hanyar gida. Bai kewaye rijiyar ba, ya bar ta a sarari kowa ya ɗiba. Duwatsun bakinta duk sun yi zurfin sawun igiya, in ka sa yatsa a ciki sai ya nutse.

Uwar Wahabu, Mma Barakatu, a bakin rijiyar nan ta ƙare ƙuruciyarta. Da ruwanta ta wanke 'ya'yanta ranar haihuwa, da shi aka wanke mijinta ranar da ya rasu. Tana da gugarta ta robar taya, wadda Wahabu ya yi wa faci har facin ya fi gugar yawa, ba ta yarda kowa ya taɓa. Magana ɗaya take maimaitawa, har jikokinta sun haddace suna ƙarasa mata: ran da ta mutu, da ruwan rijiyar nan za a wanke ta, a jawo shi da guga, kamar yadda aka yi wa mijinta. Ba ta nemi Makka ba, ba ta nemi gidan bulo ba. Wannan kaɗai ta roƙi ɗanta, shi kuma ya ce mata ai wannan ba abin roƙo ba ne.

Sai Allah ya kawo mana Alhaji Nazif. Dillalin shanu ne, yana saro su daga Bawku ya tura kudu, ya sayi filin da ke bayan rijiyar ya yi gini. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ban kuma taɓa ganin ya ƙwace abin wani ba. Taimako kawai yake yi, ya yi ta yi, har abin ya zama nasa.

Da murfi ya fara. Ya zo rumfar Wahabu da kansa, ya zauna a kan tsohuwar taya da farar rigarsa, ya yi maganarsa da Hausar kasuwa, wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Ofisa Wahabu, rijiyan nan a buɗe, yara na wasa wurin. In ɗaya ya faɗa, dukanmu ne za mu yi kuka. Bari in sa murfi, fisabilillahi."

Wa zai ƙi murfi? Aka sa na ƙarfe, mai ƙaramar ƙofa ta guga. Bayan damina ya dawo.

"Ofisa, Mma ya tsufa paa. Ba shi iya jan guga kuma. Bari mu sa inji, mu kai masa famfo cikin gida, ya huta."

Aka kawo masu haƙa suka ƙara wa rijiyar zurfi, aka sa inji, aka ɗora baƙin tanki a kan ƙarafuna. Famfo ɗaya a tsakar gidan Wahabu, ɗaya a waje don unguwa. Ranar da ruwa ya zubo matan unguwa suka yi guɗa. Asana ma, da ba ta yarda da kowa, ta yi murmushi. Mma Barakatu ce kawai ta ɗanɗana ta tofar, ta ce ƙarfe take ji, ta ɗauki gugarta ta nufi bayan gida.

A nan na fara ɗaga tuta. Na ce masa, "Wahabu, mutumin nan kullum ƙafarsa na matsowa. Ku zauna gaban dattawa a faɗi ta wane ne rijiyar, tun ana dariya."

"Kai matsalarka ke nan, Mutala, komai faul. Ruwa har tsakar gida, ko sisi ban kashe ba. Bol na ƙafar wa?"

Ba a jima ba aka ce ɓarayi na sace injuna a gari, don haka aka kewaye injin da waya. Da yake injin a bakin rijiya yake, sai wayar ta haɗa da rijiyar. Ba laifin kowa ba ne, haka wurin yake. Aka bar ƙofa, mai gadi na buɗe wa Mma kullum da safe, har ya gaishe ta da ladabi. Matar da ta fi shekara hamsin tana ɗiban ruwa ba sallama, yanzu sai ta tsaya an buɗe mata. Na sake magana. Wahabu ya ce ai yanzu ba akuyar da za ta yi kashi a bakin rijiya.

Sallar layya ta matso, Alhaji ya aiko wai 'yan kasuwar shanu na Bawku sun shirya gasar ƙwallo, kuma ya gaya musu duk arewa babu rafari sai na Salaga. Ya ɗinka wa Wahabu sabuwar riga ruwan ɗorawa, ya sayo masa usur na ƙarfe mai sheƙi, ya sa mu a motarsa. A Bawku aka sauke mu a masauki mai fanka, ana kawo mana gasassun zabi safe da yamma. Gasar da muka zaci ta 'yan kwanaki ce ta yi ta tsawo, yau a ɗaga wasa, gobe a ce a sake. Wahabu na tsakiyar fili yana watsa hannuwa, 'yan kallo na amsa masa, "Abanteji!" Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na lokacin ba.

Da muka dawo Salaga, ban gane bayan gidansu ba. Katangar bulo ta tashi, ta fi tsayin mutum, da ƙofar ƙarfe shuɗiya. Ciki inji na gurnani, motokin biyu na lodin ruwan leda. A jikin katangar an zana guga da igiya, an rubuta da manyan baƙaƙe: RUWAN ƊANLARAI.

Na dubi Wahabu. Na ga hannunsa ya kai kan sabon usur ɗin da ke ƙirjinsa. Wallahi na zaci ranar ce zai busa. Sai ga Alhaji ya fito da fara'a, ya kama hannunsa biyu.

"Ofisa, ka ga suprais? Sunan kakanka ne na sa. Zai kai Tamale, zai kai Savelugu, kowa ya sha ya yi masa addu'a."

Wahabu ya ɗaga kai ya sake karanta sunan, a hankali, yana motsa leɓe. Ya juyo gare ni, idonsa har da ƙwalla. "Mutala, ka gani? Tsohon nan ko hotonsa ba mu da shi. Yau ga sunansa a bango."

Na juya na tafi gida, don in na tsaya zan faɗi abin da zai raba mu.

Famfon unguwa shi ya fara mutuwa, aka ce bututu ne ya fashe, za a gyara. Na tsakar gidan Wahabu ya koma zuwa sai in masu ɗurin leda sun tashi aiki. Da rani ya yi tsanani, in ka murɗa shi sai ya yi ta fito da iska yana shewa. Asana ta ce alhamdu lillahi, ko ba komai an samu mai busa a gidan. Alhaji kuwa bai taɓa barin su da ƙishi ba, kullum sai an ajiye musu ƙunshin ruwan leda a zaure, kyauta. Mma Barakatu ba ta sha. Ta rataye gugarta a ƙusa a bakin ɗakinta, ta daina zuwa bayan gida tun ranar da sabon mai gadi ya tambaye ta wa take nema.

A wannan ranin ta kwanta. Na je gaishe ta na tarar da Wahabu a bakin gado yana mata fifita. Ta rame, amma harshen na nan.

"Wahabu," in ji ta, "a fili an ce kai ne alƙali. A gidan ubanka kuwa ɗan kallo ne kai. Ina tambayarka, da me za a wanke ni?"

"Mma, ki daina wannan magana. Rijiya na nan."

"Ka gan ta?"

Wahabu ya ci gaba da yi mata fifita. Washegari bayan la'asar ya sa babbar riga ya tafi gaban dattawan unguwa a ƙofar masallaci, ni ina biye. Karo na farko a rayuwarsa Wahabu ya kai ƙara, kuma ya iya, don ya jero komai tun daga murfi har katanga. Dattawa suka saurara suna jan carbi. Mai magana da yawunsu Farouk ne, wanda a zamaninsa ɗan baya ne, ya sha yin ƙeta a gaban Wahabu.

"Ofisa, da aka sa murfi, ka yi magana?"

"A'a."

"Inji fa? Waya fa? Ranar da ka ga katanga, mutane na wurin, an ce har godiya ka yi." Farouk ya sunkuyar da kai, ba da izgili yake yi ba, shi ma abin bai yi masa daɗi ba. "Kai ka koya mana, Ofisa. Numfashi biyu uku ne. Yanzu mutum ya zuba dukiyarsa, ma'aikata na ci a wurin. Ta ina za mu dawo da wasa baya?"

Alhaji Nazif, da shi ma aka kira wurin, ya nuna ɓacin rai ƙwarai da aka ce Mma na cikin damuwa. Ya dafa ƙirji. "Subhanallahi. Mma uwana ne. Ƙofan nan, duk lokacin da Mma ya so, ko dare ko rana, a buɗe ne. Ku shaida." Dattawa suka shaida, aka shafa fatiha. A hanya Wahabu ya ce mini ai ba a tashi a banza ba, an samu alkawari gaban jama'a. Bai faɗi kalmar ba, amma na ji ta tana yawo a bakinsa.

Mma Barakatu ta cika wata ranar Alhamis da hantsi. Kafin mata su gama salati Wahabu ya cire gugar daga ƙusa, ya ɗauki igiya, muka zagaya baya. Alhaji yana can Bawku wurin shanu, aka kira shi a waya. Ina jin muryarsa yana innalillahi, yana ba da umarni a buɗe ƙofa yanzu-yanzu. Mutumin ya cika alkawarinsa, ban da abin cewa. Aka buɗe mana har ɓangare biyu.

Muka shiga, Wahabu na gaba da guga. Ya tsaya yana waige-waige. Ƙasa duk an shafe ta da siminti, an manna farin tayil mai santsi. Babu duwatsun nan masu sawun igiya, babu murfin ƙarfe. A inda rijiyar take, wani bututu ne mai kaurin dantse ya fito daga ƙasa ya shige bango. Mai kula da wurin ya ce an rufe bakin tun lokacin da aka yi katanga, don tsafta, ƙura ba ta shiga ruwan sha.

"To ku kunna inji," in ji ni. "A tara mana a guga."

Ya ce an ɗauke wuta tun safe, ba a san lokacin dawowarta ba. Tanki kuma babu ko ɗigo, an ɗure shi duka jiya. Ya nuna mana ɗakin ajiya, ƙunshin ruwan leda jibge har rufi. "Alhaji ya ce ku ɗiba ko nawa ne. Ruwan rijiyan ne ai, babu bambanci."

Gawa ba ta jiran wuta. An riga an aika haƙa kabari, rana na ɗagawa, mata na jiran ruwa. Motokin ya kawo ƙunshin har ƙofar gida. Wahabu ya hana kowa taɓawa. Ya zauna a dakalin zaure, ya ajiye gugar uwarsa tsakanin ƙafafunsa, ya ɗauki leda ɗaya ya ciji gefenta ya matse a ciki. Ya ɗauki wata. Kowace leda da hoton guga da sunan kakansa. In gugar ta cika, sai ya miƙa wa Asana ta bakin labule, ta juye ta dawo masa da ita. Ledojin da ya matse suka taru a gabansa, iska na jan su zuwa cikin masu zaman makoki.

Wani baƙo daga cikin masu ta'aziyya, da nufin alheri, ya ce ai an gode Allah, ruwan rijiyar ne dai, ga shi ma tatacce, ya fi na da tsafta. Idanu suka koma kan Wahabu. Na san abin da kowa ke jira, ni ma shi nake jira, in ga hannuwan nan biyu sun miƙe gaba. Wahabu bai ɗago ba. Na tsuguna kusa da shi na ɗauki leda zan taya shi, ya riƙe mini hannu.

"Mutala, tun yaushe ka fara ɗaga tuta?"

Haushin shekaru ya taso mini, tausayi ya danne shi. Na ce, "Bar wannan magana yau. Wataƙila ba ka gani ba."

Ya tofar da guntun ledar da ke bakinsa.

"Na gani," in ji shi. "Duk na gani."

Asana ta miƙo gugar ta bakin labule, ta ce da saura. Ya karɓa, ya ɗauki wata ledar ya kai baki.